Kujerun Aro

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 10:40 na safe

Ina zaune a bencin ofishin tallafi, yanzu na miƙa takardun Mama. Tallafin masu ƙananan sana'o'i ne. In an dace, za ta sayi keken ɗinkin da take haya tun rasuwar Baba. Mai keken ya ce ƙarshen wata zai sayar, ko mu ko wani. Na bi kowane shafi layi-layi, babu kuskure. Wannan ne abu na farko da digirina ya tsinana wa gidanmu. Saura ziyara, wai za a turo jami'a ta ga halin da muke ciki.

Litinin, 10 ga Maris

Gobe ne. Na zaunar da Mama na yi mata bita: ki faɗi gaskiya kawai, ɗaki yana yoyo, ba kullum ake ɗora tukunya sau biyu ba. Ta ce, "To, Malam Akawu, yau kuma ni za ka koya wa magana? Wa ya koya maka cewa ruwa?" Muka yi dariya. 

Talata, 11 ga Maris

Na fita sake buga wata takarda da na ga ta ɗan dushe. Da ma ban fita ba.

Na dawo na kasa gane ɗakinmu. Kujeru biyu masu taushi, kafet, fanka, duk na Goggo maƙwabciyarmu. Bokitin tarar yoyo ya ɓace, an rataya labule a kan tsagewar bango. Jami'ar har ta iso, tana zaune da lemon kwalba a hannu.

Ta ce, "Mama, yaya kuke fama da abinci da haya?"

"Alhamdu lillahi, 'yata, muna cikin rufin asiri."

Na ga bironta ya motsa. Na buɗe baki, Mama ta yi mini kallon nan nata. Na rufe.

Laraba, 12 ga Maris

Na ɗaga wa Mama murya. Ban taɓa yi ba. Ta ci gaba da taka keke kamar ba da ita nake ba. Sai can ta ce, "Baƙuwa ta zo gidana, a kan bokiti zan zaunar da ita? Yarinyar da na haifi sa'arta, ita zan zauna in lissafa wa yunwata?"

Ban ci abincin rana ba. Ita ma.

Juma'a, 21 ga Maris

Sakamako ya fito: "Gidan ba ya cikin tsananin buƙata."

Na sami jami'ar a ofis. Na ce mata ai duk wanda ya ce yana cikin rufin asiri, akwai abin da ake rufewa. Ta ce ta sani, mahaifiyarta ma haka take cewa, amma abin da ta gani da abin da aka faɗa mata kaɗai take rubutawa. Idonta ya ɗan kaɗa, ko nawa ne, ban tabbata ba. Za a iya sake ziyara, in Mama ta sa hannu cewa ta ɓoye halinta.

Na karanta wa Mama takardar da za ta sa wa hannu. Ta ce, "Ɓoyewa? Sata na yi?" Ta miƙo mini birona.

Asabar, 29 ga Maris

Sun ɗauke keken. Ƙafafunsa sun bar shaida a ƙasa. Mama ta share wurin, ta sake sharewa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na fara aiki. Na gaya wa Mama a wani kamfanin siminti ne, ɓangaren lissafi. Kamfanin gaskiya ne, simintin ma haka. Rigar ofis tana yini a cikin leda, sai na wanke jikina a famfon bayan sito sannan in mayar da ita. Na wucin gadi ne. Ba ƙarya ba ce sosai. Da ta tambaye ni yaya aiki, na ce lafiya lau, mutanen kirki ne.

Abubuwan da har yanzu ban sani ba:

— ko za a sake buɗe tallafin, da kuma yaushe;

— wanda ya sayi keken, da ko an gaya masa sai an sa kwali a ƙarƙashin ƙafar hagu, in ba haka ba yana tsinke zare;

— buhu nawa zan ɗauka kafin su zama keke;

— abin da ya sa Mama ta ajiye mini ruwan ɗumi da man zafi a bakin ƙofa yau, bayan na ce mata a zaune nake yini.