Irin Garba a Gonata

Lahadi, 15 ga Mayu, 1983
Na gama binne a gonar Mandera. Ƙasa a bushe take, amma hadari na ta yawo wajen Lambara. Atika mai ɗakina ta ce in rage rabin iri saboda halin damina. Na ce mata ta tsaya ga tukunyarta. Duk na zuba.

Alhamis, 19 ga Mayu
An yi yayyafi. Alhamdu lillahi.

Asabar, 4 ga Yuni
Yayyafin nan ne ya cuce ni. Gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi sarai. Atika ta ci gaba da aikinta kawai, gara ma ta yi faɗan.

Talata, 14 ga Yuni
Ga azumi, ga tsada. Na je Bodinga neman iri. Wanda na gani na ci ne, an kawo shi daga nesa, ba wanda ya san ko zai nuna kafin ruwa ya janye. Idan ban sake shuka ba, bana ba abin da zai shiga rumbu, ga bakuna bakwai. Tsoro nake ji.

Juma'a, 17 ga Yuni
Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya fita da sungumi, ni ina zaune a zaure. Sai ga sallamar Garba ɗan baffana, wanda muka daina gaisawa tun rigimar gawon da ke kan iyakar gonakinmu. Ya dire tulu, ya fasa yumɓun da aka liƙe bakin. Gero ne fal, cuɗe da toka, ko ƙwaro ɗaya babu. Ya ce mini:
“Wanga irin kakanmu na, Maniru, ba nau ba na. Ba a hana ma ƙasa iri don hushin mutum.”
Na fara godiya, ya ce in tashi, laima ba ta jira. Da ya fita na yi hawaye. Allah Ya saka masa.

Asabar, 24 ga Satumba
An yi girbi. Ba yawa, amma za mu ci, mun gode Allah. Na zaɓi manyan zangarniyoyi na iri, na ɗaure kashi biyu. Ɗaya na kai wa Garba. Ba wai mun shirya ba ne, maganar gawo tana nan. Na dai zauna an kawo fura, har la'asar ta same ni can, na bi shi salla.