Ordinatar Malama Lubabatu da Kyautar Suruki

Damagaram, Birni

Ƙanena Sallau,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Hafsatu da yara.

"Yaya, ba ni ordinatar nan, kwamfutar taki, in tafi da ita Yamai, kafin azumi za ta dawo tana gudu." Kai ka faɗi haka a zaurena, bakinka cike da alkakina. An yi azumi, an yi salla, ga layya ta matso. Idan na kira salularka sai ta yi ta kuka har ta gaji, shi ya sa na koma takarda.

Abin da na nema bai da yawa. Gurbin da ke kan allon injina iyali ɗaya na furosesar, wato ƙwaƙwalwar injin, yake karɓa. Na ce ka samo wanda ya fi nawa ƙarfi a cikin danginsa, ko na hannu ne, ka ƙara ram, ka sa disk marar juyi. Na ce kada ya zama mai shan wuta, don fanon rana, faifan da ke ba ni wutar sola, ke riƙe da gidana.

Ka san dalili. Tun da na ajiye alli a makarantar lise nake ɗaukar tsofaffin matan Gidimuni a bidiyo suna waƙoƙin niƙa da labarin yunwar da suka gani. Tsohon furosesar ba ya iya haɗa hotunan, sai ya yi zafi ya sandare. Inna Kulu, babbarsu, ta sa na rantse ba mai gani sai ta gani ta yarda. Jikarta ta aiko cewa yanzu ba ta fita ko ƙofar ɗaki.

Ina injina?

Yayarka,
Lubabatu

*

Yamai

Yaya mai daraja,

Wa alaikumus salam. Kowa na gaishe ki. Ki yi haƙuri, ba sakaci ba ne, alheri ne ya faɗo mana.

Abdulaziz, mijin Rahinarki, ya zo gaishe ni ya tarar da injin a buɗe. Da ya ji naki ne sai ya sunkuyar da kai, ya ce uwar matarsa ba za ta yi aiki da kayan hannu ba yana raye. Washegari ya aiko da furosesar sabo a kwali, na ƙarshen fitowa, da wani kati na hoto mai fanka uku. Yaya, ko a biro ɗinmu, wurin aikinmu, ba mai irinsa.

Matsala ƙarama ce: furosesar bai shiga gurbin ba. Mai gyara ya gwada, ya ce ƙafafun ba ɗaya ba ne. To wa zai buɗe baki ya ce wa suruki kyautarsa ba ta yi ba? Ke ba kya magana da shi. Rahina ƴar fari ce, ko sunanta ba kya kamawa. Ni kuwa ya durƙusa ya miƙo mini da hannu biyu.

Ki aiko da godiya in kai masa. Sauran za mu san dabara.

Ƙanenki mai biyayya,
Sallau

*

Damagaram

Sallau,

Gaisuwa. Lafiya muke.

Ƙarama? Ka sayo wa jaki sirdin raƙumi kana ce mini matsala ƙarama ce. Shekaru na yi ina koya wa ƴaƴan mutane su karanta tambaya kafin su ba da amsa, ashe a gida na bar babban ɗalibi.

Ban raina yaron ba. Tun da ya ɗauki yarinyar nan ban ji ya ɗaga mata murya ba, kuma idan ya hango ni a titi yakan tuɓe takalmi ya canza hanya. Yaro ne mai kunya. Amma gurbin furosesar ba ya jin kunyar kowa. Bai san suruki ba, bai san na ƙarshen fitowa ba. Abin da ya yi daidai da shi kawai ya sani.

Ka je ka ce masa na gode, Allah ya yi albarka, ya mayar wa mai kanti. Ka sayo ƙaramin da na faɗa. Kai kawun matarsa ne, bakinka a buɗe yake, al'ada ba ta ɗaure ka ba. Tsoro ne ya ɗaure ka.

Na je Gidimuni ranar kasuwa. Inna Kulu ta tambaye ni ko na sayar da muryarta ne. Na ce a'a. Ta ce to ina take. Ka gaya mini abin da zan ce mata.

Lubabatu

*

Yamai

Yaya,

Allah ya huci zuciyarki. Albishirinki, an warware.

Na je wurinsa. Ban ce ya mayar ba, harshena ya yi nauyi. Na dai ce allon ne ya tsufa. Kafin in rufe baki ya sayo sabon allo. Sai ram ɗinki ya ƙi allon, ya sayo wani. Akwatin wuta ya gaza, ya sayo babba. Suka ƙi shiga gidan injin, ya sayo gida mai gilashi, fitilu na canza launi a ciki. Yara har kallo suke zuwa. Disk ɗinki mai bidiyon yana nan lafiya a aljihun tebur, shi da tsohon allon.

Mai gyara ya ce fanonki ba zai ɗauke shi ba. Amma Abdulaziz ya ce bayan damina zai aiko a sake miki fano da batir gaba ɗaya. Kin ga ɗa na gari.

Naki,
Sallau

*

Damagaram

Abdulaziz,

Assalamu alaikum. Ni ce, uwar matarka. Na rubuta sunanka, kuma hannuna bai karye ba. Zauna ka karanta.

Na gode, har zuciyata. Amma abin da ka gina ba nawa ba ne. Injin da zai cinye wutar gidana kafin la'asar ado ne kawai a wurina. Akwai tsohuwa a Gidimuni da ke jiran ta ga fuskarta ta ji muryarta, kuma ba ta da bayan damina. Kawunku bai gaya maka ba don yana jin nauyinka. Ni ma ina ji. Na auna shi da na Inna Kulu, nata ya fi.

Ka riƙe mai fitilun, na ba ka. Ka karɓi tsohon allona da disk ɗina da sauran tsofaffin kayana wurin Sallau. Lambar furosesar da nake so tana bayan takardar nan. Na hannu ne, kada ka ƙara ko ƙusa ɗaya. A haɗa, a sa a kar ɗin Alhamis, motar fasinjar Damagaram.

Idan kar ta iso babu injina, ita zan hau in zo. Ba gidan Sallau zan sauka ba, gidanka. Zan zauna a falonka, in ci tuwo a gabanka, in kira ka da suna maƙwabta na ji, safe da yamma, har sai ka ɗaura allon da hannunka.

Ka gaida yarinyar nan.

Lubabatu