Ku Maido Mini da Zaren Muryar Emeka

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Bikin Al'adu na unguwarmu, Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya tare da iyali. Na yi ta sintiri ofishinku har ƙafata ta gaji, kullum sai a ce mini "Oga ya fita." Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya gani.

Na ɗaya, bari in faɗi ko su wane ne mu, tunda da alama an manta. Mu uku muka kafa ƙaramin kamfanin buga waƙoƙi mai suna Faifan Dogo, a zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a garin nan maƙil da mutane. Da ni Ayuba, da Bulus mutumin Kwoi wanda ya sayar da cittar gonarsa ya sayo na'urar ɗaukar murya, da Emeka, ɗan direban jirgi, haifaffen kwatas ɗin reluwe. Kiɗan rok muke yi, jita mai ƙara da ganguna, cikin Hausa da Turanci da yarenmu. Dattawan coci suka ce kiɗan duniya ne, suka hana mu Jibin Ubangiji, wato cin gurasa mai tsarki a coci, na wani lokaci. 'Ya'yansu kuwa su ne ke sayen kaset ɗinmu a ɓoye a tasha. Emeka ya rasu, Bulus ya bi shi. Saura ni, da akwatin manyan zaren asali, waɗanda daga su ake buga kaset.

Na biyu, bara sakatarenku ya zo gidana ya ce, "Baba, ka ba mu kayan nan mu nuna a biki, yara su san history. Ana gamawa za mu kawo." Na yi murna ƙwarai, domin an daɗe wani bai tambaye ni labarin nan ba, na miƙa masa akwatin. Ranar biki na sa kwat na tafi. Sai na tarar an shimfiɗa zarenmu a tabarma, cikin rana, tsakanin tsohuwar garma da tukunyar ƙasa, kamar yadda kuka saba jera kayan kakanni. Garma ba ta jin rana, Ranka ya daɗe, amma zare yana narkewa. Abin bai tsaya nan ba. Masu ado suka ga zaren yana sheƙi, suka warware shi suka naɗe sandunan rumfa da shi. Na tsaya ina kallon waƙoƙinmu suna kaɗawa a iska, mutane na cin shinkafa a ƙarƙashi. Da na yi magana, wata ta ce, "Haba Baba, wa zai ji wannan old school?" Na koma gida ni kaɗai, ban ci abinci ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Zare ɗaya ya tsira, mai jan murfi. A ciki akwai waƙoƙin ƙarshe da Emeka ya rera kafin ciwo ya kwantar da shi. Ba mu taɓa fitar da su ba, na'urarmu ta lalace, ni ma tun lokacin ban sake ji ba. Yanzu na sami wani mai gyara a Samaru Kataf da zai iya juya su a waya. Zaren kuwa yana sitonku, a ƙarƙashin kujerun haya, rufin yana yoyo, ga damina ta ƙarato.

Ba na neman diyyar abin da aka ɓata, ba na neman a tsawata wa kowa. Roƙona shi ne a buɗe siton, a ɗaga kujerun, a ba ni zaren a hannuna. In babu mai kawowa, zan hau mashin in zo da kaina. Amma a yi da sauri. Kunnena na hagu ya riga ya mutu, likita ya ce na daman ma yana bin sahu. Babu wanda ya rage a duniya da zai gane muryar nan sai ni, kuma ina so in ji abokina sau ɗaya kafin shiru ya rufe ni.

Ubangiji ya ba ka hikimar shugabanci, ya tsare gidanka, ya ba ka abokan da za su tsufa tare da kai.

Wassalam.

Naka,
Dattijo Ayuba,
Kafanchan.