Ƙishirwar Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ni da cikina muna nan, ya shiga wata bakwai, har keken ɗinki ya fara yi mini nisa.

Yaya, zafin bana ban taɓa ganin irinsa ba. Tsofaffin kasuwa ma sun ce duniyar ce ta canza. Rufin shagonmu kwano ne, kafin azahar sai ki ce a tanda muke. Ga shi ambaliyar bara ta rushe banɗakin mata, har yau ba a gyara ba. Maza dai kowane bango nasu ne. Mu kuwa sai muka yi dabara: ba mai shan ruwa tun safe sai an tashi. In ba a sha ba, ai ba za a nemi zagayawa ba. Na ƙware har na fi kowa.

Bayana ne kawai ke ɗan ciwo. Ki gaishe mini da maigidan.

Taki,
Auta

Auta,

Ina amsawa, kowa lafiya. A tsaye na fara karanta wasiƙarki, a zaune na ƙarasa. Wannan kike kira dabara? Tun kina ƙarama wayonki a kanki yake ƙarewa. Mace da juna biyu, cikin wannan wuta, ta wuni ba ruwa? Shi ɗan da ke cikin naki, rijiya ya haƙa?

Ki sha ruwa. In ta matsa, ki yi sallama a gidajen bayan kasuwa, ba wanda zai cinye ki. Ciwon bayan nan kuma bai kwanta mini ba, ki je asibiti. Wallahi tsoro nake ji.

Allah ya tsare mini ke,
Yayarki

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina sanar da ke cewa wasiƙarki ta iso bayan an kwantar da Auta. Ta kife a kan keke da zazzaɓi, abokan ɗinkinta suka kai ta asibiti. Likita ta ce rashin ruwa da riƙe fitsari sun taɓa mata ƙoda, har naƙuda na neman tasowa kafin lokaci. Rabin masu jinya a ɗakin matan kasuwa ne, duk ciwo ɗaya.

Ban san abin da take yi ba, Yaya. Kullum nakan cika mata gora, ashe maƙwabta take rabawa. Ana yi mata ƙarin ruwa. Amma tun jiya ba ta ji motsin cikin ba. A taya mu da addu'a.

Na bar ki lafiya,
Ƙaninki, mijin Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da hannun da ba allura nake rubutu. Zazzaɓi ya sauka, naƙuda ta koma. Faɗanki an karanta mini, na amsa laifina duka.

Ɗazu da hantsi nas ta zo za ta ɗora mini abin sauraro a ciki. Na rufe ido, na kasa ko addu'a. Kafin ta gama gyara shi, sai aka shure mata hannu daga cikina.

Na yi kuka, Yaya, har matan ɗakin suka taya ni. Yana nan.

Ki huta lafiya,
Auta