Jan Alƙalami a Kan Suna Bakwai

Tamanrasset, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Mahamane,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk mutanen gida a Damagaram. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa, ya raya jaririyar da aka haifa maka. Na ji an sa mata Amatullahi. Suna ya yi, fatana dai ba ta kwaso hancinka ba. Ni ma da sauƙi. Ka lura da sauƙi na ce, ban ce lafiya lau ba. Jibi zan hau mota, kuma ina so ka shirya Inna kafin ta gan ni, don akwai ɗinki huɗu a girata ta hagu, haƙori ɗaya kuma ya tafi.

Ka san wata huɗu ke nan da ƙungiyar malamai ta turo ni aikin sa kai, in koya wa matan 'yan'uwanmu da ke zaune nan karatu da rubutu. Alhaji Badaru, wani dattijon Maraɗi mai sayar da atamfa, shi ya ba mu ɗakin bayan shagonsa, shi ya tsaya mini wajen mazajensu har suka bar mata ashirin da uku suka zo. Ni kuwa da halin lekkol, irin namu na malaman boko, na taho. Na buɗe kaye, wato littafin kiran suna, na rubuta kowace da sunan ubanta, garinsu, da unguwar da take zaune, kullum safe ina kiran suna. Tun makon farko Alhaji ya ja ni gefe ya ce a garin nan mutum ba ya son a rubuta shi, don yawancinsu ba su da takardun zama. Na ce masa shekarata tara ina riƙe da aji, na san aikina. Ka san bakina. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Cikin watannin nan 'yan sandan ƙasar nan sun kwashe ɗalibaina bakwai saboda rashin takardu, an mai da su bakin iyaka tare da wasu da yawa. Duk wadda labarinta ya tabbata, sai in ja wa sunanta layi da jan alƙalami, yadda muke yi wa yaron da ya bar aji, in rubuta kwanan wata da 'yar addu'a a gefe. Ta ƙarshe ita ce Mariyamu, ƙanwar wani birkila mai suna Zakari. Matarsa Kubura tana ajin, kuma ita ce ta fi kowa kai.

Shekaranjiya bayan la'asar aka yi mini taron ban kwana. Mata sun yi girki, maza na ƙofa suna dafa shayi. Na so a yi wa bakwai ɗin nan addu'a, sai na ɗaga kayen sama na ce duk mai jan layi an tafi da ita. Zakari ya shigo ya fizge shi. Bai iya karatu ba, amma ya iya ƙirge. Ya ƙirga ja bakwai, ya tambaye ni ina za a kai littafin. Ni da wautata na faɗi gaskiya, na ce buro, ofishin ƙungiya, zan kai. Wallahi Yaya, kamar na watsa fetur a wuta. Ya juya ga maza yana ihu cewa ga wadda ke nuna mutane, duk wadda ta shafa wa ja sai a zo a ɗauke ta, har unguwannin kowa ta rubuta.

Marin farko ban gan shi ba, sai ji na yi bakina ya cika da jini. Na biyu ya haɗa ni da gefen allo, girata ta tsage. Maza suka danno ciki, tukunya ta kife, wani ya harba butar shayi ta ƙona ƙafar wata mai goyo. Mata na kururuwa suna cewa ba haka ba ne, ba mai jin su. Alhaji Badaru, mai shekara saba'in, ya shiga tsakani ya rufe ni da babbar rigarsa yana cewa baƙuwarsa ce, sai dai a fara da shi. Aka kuwa fara da shi. Wani ya ɓalle ƙafar benci ya sauke masa a hannu, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Ya faɗi, ana harbinsa da ƙafa, farin gemunsa ya rine. Daga ƙofa na ji ana cewa a kawo fetur a ƙone shagon munafuki da shi a ciki. Na tsorata, ba zan ɓoye maka ba. Na yi kalmar shahada, na sakankance cewa zan jawo a kashe mutumin da ya ba ni inuwa.

Kubura ce ta ciji hannun mijinta ta ƙwace kayen, ta haye benci. Ta ce tun da littafin ne shaida, to a bari littafin ya yi magana. Ta ɗora yatsa ta fara karantawa, tana tuntuɓe. Ta karanta cewa Mariyamu ta zo aji ranar Alhamis, wadda kowa ya san ran nan da yamma aka ɗauke ta. Ta karanta kwanan jan layin, Talata ce, bayan kwana biyar, ta ce ita da kanta ta kawo mini labarin, a gabanta na ja shi ina kuka. Sannan ta karanta abin da na rubuta a gefe, cewa Allah ya kai ta gida lafiya. Haka ta bi bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta kai ta biyar masu kiran fetur sun ja da baya, mai ƙafar bencin ya sulale. Zakari ya tsaya yana kallon matarsa baki buɗe, bai taɓa jin ta karanta ko harafi ba.

Shi da kansa ya sungumi Alhaji ya sa a taksi zuwa likita, amma har yau bai iya haɗa ido da ni ba. Ban yafe masa ba tukuna, ƙarya me zan yi. Sai dai hannun Alhaji ya karye wuri biyu, an ce da wuya ya koma daidai, kuma girman kaina ne ya karya shi kafin icen. Da na je ba shi haƙuri, dariya ya yi da kumburarren baki, ya ce to yanzu na san aikina. Na yage shafukan garuruwa da unguwanni na sa a garwashin shayi. Ƙungiya kuwa sai dai ta yi haƙuri da rahoto.

Jiya na damƙa wa Kubura ajin. Ta karɓi alli, ta ƙi karɓar jan alƙalamin. Ta ce da baki za ta riƙa kiran suna, kuma kullum sai ta kira Mariyamu ta dakata, har ranar da ta ji tana raye. Don haka ga roƙona, Yaya: ka je Matamaye ka tambayi gidan Malam Sharifu mai gyaran keke, shi ne uban Mariyamu. Ka bincika ko ta iso. Ina ɗauke da takarda zuwa gare ta, layi uku ne karkatattu, wasiƙar farko da Kubura ta taɓa rubutawa, kuma ban san ko akwai mai karɓarta ba.

Ka gaida Inna da Gwaggo Hajjo, da matarka Lami, da Kawu Tasi'u. Ka ce wa Inna faɗuwa na yi. Gaskiyar ni zan faɗa mata in na zauna gabanta.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai taurin kai,
Walida