Yatsu Uku na Hajjo

Litinin, 1 ga Agusta, 1960

Ruwa ya sauka da asuba. Gwiwata ta riga hadari ba ni labari.

Da hantsi Hayatu ya yi sallama a zaure, ɗan marigayi Garba abokina na rumfar hatsi. Shi ne mai duba awo yanzu. Yana yawo da akwatin katako, ciki sikeli da duwatsun tagulla a jere kamar kaza da 'ya'yanta, daga babba har auta. Ya yi karatu a Zariya ya dawo mana da Hausar gabas, kamar ba a Ƙofar Rini aka yanke masa cibi ba.

Sau uku yana gaishe ni. Na ce to, ruwa ba ya tsami banza.

Wai doka ta ce duk abin da aka ƙunshe aka liƙe, aka buga masa hatimin nauyi, dole na ciki ya kai abin da aka rubuta a waje, tunda mai saye ba ya gani balle ya ce a cika masa. Ya ɗauki ƙunshi goma na yaji a kantin Na'Allah da ke bakin tashar mota. An rubuta oza huɗu. Babu ko ɗaya da ya kai.

Yajin Hajjo ne. Matata, shekara arba'in da ɗaya muna tare.

Ya ce, "Baba, kaɗan ne ya rage, amma a kowanne ya rage. Na ce ba zan kai gaban sarkin kasuwa ba sai ka ji daga bakina." Alhamis za a zauna.

Na yi masa godiya. Ya bar ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Talata, 2 ga Agusta

Ban faɗa mata ba.

Na ja tabarma gindin darbejiya, wai ina shan iska, ina kallonta. Shekara biyu ke nan tun da Na'Allah ya kawo mata takardu da hatimi da wani gwangwani, ya ce in ta cika shi ta shafe bakinsa, oza huɗu ne daidai. Matafiya ke saye, masu zuwa Gusau da Jega da Ƙauran Namoda.

Ta cika gwangwani. Ta shafe. Ta juye a takarda. Sai ta sa yatsu uku ta tsakuro kaɗan, ta jefa a ƙoƙon da ke gefenta, sannan ta liƙe da ƙaro.

Haka a kowanne. Tana yi tana waƙarta a hanci.

Shekara talatin da bakwai na yi ina auna hatsin mutane a kasuwa. Ban taɓa rage ƙwaya ba, ban kuma taɓa ƙara ƙwaya ba, har mata suka sa mini suna Illo-ba-ƙari. Ga shi a tsakar gidana, gaban idona, ban gani ba. Ko na gani, fuskarta nake kallo ba yatsun ba.

Laraba, 3 ga Agusta

Ta yi mini miyar sure. Na ci, na yaba, na yi shiru kamar ɓarawon da ya ji tari.

Alhamis, 4 ga Agusta

Rumfar sarkin kasuwa ta cika, har da waɗanda ba su san me ake yi ba. Hayatu ya ɗora dutse nan, ƙunshi can. Gefen dutse ya nutse.

Na'Allah ya miƙe yana gyara babbar riga. "Ranka ya daɗe, wanga ƙarfe baƙo ne garin nan! A tambayi Baba Illo. Duk Sakkwato ta san idonai."

Taimako yake nufi, bawan Allah.

Aka juye mini ƙunshi ɗaya a gwangwanin. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Bai kai baki ba, saura kamar kaurin farce. Da na ce ya cika, da rabin rumfar ta rantse ya cika.

Na ce, "Bai cika ba."

Wani daga baya ya ce, "Kai, tsohon nan ko matarshi bai bari ba!" Aka yi dariya. Ni ma na ɗan yi.

An karɓe hatimi sai an ga gyara hali. Ba tara, albarkacin furfura. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Ƙafarsa ba ta ciwon gwiwa.

Juma'a, 5 ga Agusta

Na zaci faɗa za ta yi. Ba ta yi ba. Mamaki take.

"Malam, ni? Tauye awo? Ai gyara ce nike cirewa!"

Haka uwarta ta koya mata, haka kowace mai yaji ke yi a unguwar nan: ki ɗan rage a ludayi, in mai saye ya miƙo kwanonsa ki cika masa da hannu yana kallo, har ki ɗora. Ya tafi da nasa cikakke, ya tafi da farin ciki. Sayarwa ba gyara, in ji ta, kamar sallama ce ba amsa. To takarda an liƙe, ba inda za a zuba. Shi ya sa take tarawa a ƙoƙo, in Na'Allah ya zo ɗauka ta juye masa a wani ƙulli daban, ta ce ga gyara nan.

Bayan an sauko daga masallaci ta sa na kira shi. Ta tsaya a bakin zaure.

"Na'Allah, gyaran da nike ba ka, ya kake raba ma masu saye?"

Ya dube ni. Ya dubi takalminsa.

"Inna, ai na ɗauka tawa ce. Gida nike kaiwa. Yara ba su cin tsire sai da shi."

"Shekara biyu?"

"Wallahi Inna, shina da daɗi."

Da wani lokaci ne da na yi dariya har hulata ta faɗi. Ita kuwa ta juya ciki tana dafa bango.

Talata, 9 ga Agusta

Turmi shiru. Ban san da sautinsa nake gane hantsi ya yi ba.

Lahadi, 14 ga Agusta

Ba ta ci sai a tilasta mata. Koko kurɓi biyu, ta ture.

Na ce mata maganar mutane iska ce, kwana bakwai za su samu wani su sa a baki. Ta ce ba mutanen gari ne damuwarta ba.

"Waɗanda sunka saya fa, Malam? Sun tahi. Ban san sunansu ba, ban san fuskarsu ba. Wanda ka sani, ka je ka ce ya yafe ma. Waɗannan ina zan gan su? Sai ranar da za a jera mu?"

Na ce Allah ya san niyyarta. Ta ce ta sani, amma miyarsu ba ta san niyyarta ba.

Na tuna kakata tana ba mu labarin wata tsohuwa da ta ari allura wurin baƙuwa, baƙuwar ta yi sammako ta wuce. Tsohuwa ta bi ta gari gari har ta ƙare ƙafa. Na so in ba Hajjo labarin, sai na tarar na manta ƙarshensa. Kullum barci ke ɗauke ni kafin a kai ƙurunƙus.

Asabar, 20 ga Agusta

Hayatu ya zo da goro. Ya durƙusa daga nesa.

"Inna, ki gafarce ni. In kin yarda zan kawo ƙaramin sikeli in nuna miki, a mayar miki da hatiminki."

Ta ce, "Ɗan nan, ba ka yi mini laifi ba. Kai ka nuna mini ramin da nike ciki. Je ka, Allah shi yi ma albarka. Ka gaida matarka Dije."

Ya fita yana share ido da hula. Ubansa ma haka yake, ga tsare gida ga saurin hawaye.

Wuyan hannunta ya koma kamar kara. Na auna da ido, na yi nadamar idon.

Litinin, 22 ga Agusta

Ina alwalar walaha na ji dukan taɓarya. Na tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare.

Wuni guda tana yi. Barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba. Duk gidan atishawa, har akuyar maƙwabta. Ta tankaɗe ta cika babbar ƙwarya, wadda ake dama furar suna a ciki. Ba gwangwani, ba takarda.

Da la'asar ta ajiye ta gabana.

"Duk wanda ya sayi yajina, ta tasha ya bi. Wanda ya bi hanya sau ɗaya zai sake bi. In bai biyo ba, ɗan'uwanshi zai biyo. Ƙafata ba ta kai ni can, Malam."

Na ce, "Ni? Ni Illo, in zauna tasha da ƙwarya kamar mai tallan dawo?"

"Kai ka ce bai cika ba. Sai ka je ka cika."

Ba gori ta yi ba. Da taushi ta faɗa, tana cire mini ɓawon barkono daga gemu.

Talata, 23 ga Agusta

Na tafi. Na zauna a bencin Na'Allah, wanda yanzu ba ya iya haɗa ido da ni sai dai ya yi ta miƙo shayi.

Da fari bakina ya ƙi buɗewa. Motar Jega ta cika ta tashi ina zaune kamar gunki. Sai wani direba, Tambari, mai baki kamar reza, ya leƙo.

"A'a! Baba Illo-ba-ƙari! Mi anka samu, kyauta yau? Jama'a ku duba sama ko rana ta fito yamma!"

Shi ya yi mini shela ba da niyya ba. Aka taru. Na ce duk wanda ya taɓa sayen yajin takarda a nan, ya miƙo hannu, gyararsa ce ta makara a hanya. Wanda bai taɓa saye ba ma ya miƙo.

Na sa yatsu uku. Nawa sun fi nata kauri, ba laifina ba ne.

Wata mai goyo ta ce ita ta saya sau da yawa, ba ta ga ya ragu ba. Na ce ya ragu. Ta ce, "To Baba, a ce da mai shi na yafe, har na gobe." Ta ƙulle a bakin zane.

Da na dawo Hajjo ba ta tambayi nawa ya tafi ba. Da na ba ta labarin mai goyon, cewa ta yi, "Yaya kamarta?" Na ce doguwa, da wushirya, goyon yana tsotsar yatsa. "Sai wa?" Na ce wani Bafillace mai sanda da ya shinshina ya yi atishawa har uku. "Sai wa?"

Ta cinye tuwonta tana ji. Ba ta ma lura ba.

Alhamis, 8 ga Satumba

Kullum sai na kawo mata fuskoki. In na manta wata, in ɗan ƙawata. Allah ya yafe, wannan ba awon hatsi ba ne.

Ta yarda Hayatu ya kawo sikelin. Ta kewaya shi sau biyu kamar mai zaɓen tunkiya.

Asabar, 1 ga Oktoba

Yau aka ce mun samu mulkin kai. Ganguna tun safe, 'yan makaranta da ƙananan tutoci kore da fari. Tambari ya ce daga yau ba mai tsayar da motarsa. An tsayar da ita kafin azahar.

Hayatu bai je filin biki ba sai da ya biyo nan da akwatinsa. Ƙunshi goma sababbi, liƙaƙƙu. Ya ɗora ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya ɗaga dutsen sama.

"Inna, ai sun wuce."

"In ƙarfen ya tsaya daidai, sai in ɗora yatsu uku, sannan in liƙe. Dokarku ta hana?"

Ya ce doka ragi ta hana. Ya zaro hatimi daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

Ta ce mini wai tana zubawa tana ganin mai wushiryar nan.

Litinin, 17 ga Oktoba

Ƙwarya ta ƙare tun ran Laraba. Hajjo ta wanke ta, ta kife a kan rumbu. Ta ce zuciyarta ta kwanta, in zauna gida in huta wa gwiwata.

Na huta kwana huɗu. Zauren nan zafi gare shi, ban taɓa lura ba.

Ɗazu na ce mata akwai mutanen Argungu da ba su biyo ba tukuna, saboda ruwa ya ɓata hanya. Bai kamata a bar su ba. Don haƙƙi kawai nake magana.

Ta dube ni ta gefen ido. Ta shiga ɗebo citta.

Na ce ta ɗan ƙara yawa.