Suwaitar Gligor

Sibiu, 8 ga Nuwamba

Yaya Saveta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kaji da fitinanniyar akuyar nan taki. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya Gligor, ya ba shi hutu.

Ƙunshin sadakarsa ya iso. Maigidana Toader ya karɓi suwaitar ulun da ke ciki hannu biyu, ya yi addu'ar da ake yi, yanzu haka tana jikinsa, sai ki ce don shi kika saƙa. Ki kwantar da hankalinki, mijinki ba zai ji sanyi a can ba.

Kasuwar Kirsimeti ta kusa buɗewa, na sami rumfa kusa da mai gasa nama. Baƙi sun haukace a kan kayan ulu. Tsumman da kakarmu za ta shimfiɗa wa kare, Bajamushiya sai ta shinshina ta ce fasaha.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Veturia

Poiana, 14 ga Nuwamba

Veturia,

Ina gaishe ki, ina gaida Toader. Kaji lafiya.

Jiya da tsakar rana na fita ɗebo itace, na tarar da Gligor tsaye inda ya saba faskare. Suwaitar tana jikinsa, amma ta tsuke, ta tsaya masa a haƙarƙari kamar ta yaro. Babu hannuwa, an cire su daga kafaɗa, yanka mai kyau irin na almakashi. Da ya juya, akwai rami mai kusurwa huɗu a baya. Ta cikinsa na hango shingen maƙwabta.

Wata biyu na yi ina saƙa rigar nan. Kin san abin da aka bayar a nan shi mamata suke sawa a can, yadda yake. Me kika yi wa rigar mijina?

Yayarki, Saveta

Sibiu, 19 ga Nuwamba

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban girma. To, tunda mai shaidarki daga can ya taso, ni me zan ce?

Toader bai sa ba. Wai ulun yana sa shi ƙaiƙayi. Ni kuwa na murza shi a yatsa, ulun tumakin dutse, irin wanda ko dila goma na gwanjo na buɗe ba zan samu ba. Raina ya biya. Na jefa a injin wanki, ruwan zafi da sabulu, sau biyu, har saƙar ta cure ta yi kauri, ko an yanka ba ta warwarewa. Hannuwan sun zama safar hannu, bayan ya zama jaka, gaban ya zama silifa. Ranar da aka buɗe kasuwa duk suka tafi.

Na ɗauka zancen tsofaffi ne, Yaya, ki yafe mini. Gobe zan sayi sabuwa fil, mai kauri, in ba wani mabuƙaci a ƙofar coci. Ai shi ke nan, ko?

Taki har kullum, Veturia

Poiana, 24 ga Nuwamba

Veturia,

Na gaishe ki. Ba shi ke nan ba.

Na tambayi tsohuwa Floarea, mai wankan gawa. Ta ce wadda aka riga aka yi wa addu'a ita ce tasa, ba a canzawa. Sai an haɗa ta, mai rai ya sa a jikinsa kafin cikar kwana arba'in da rasuwarsa, wato Asabar shida ga Disamba. Ta jikin mai rai suke jin ɗumi. In ranar ta wuce, yadda yake haka zai tafi, haka kuma zai zauna.

Yau ya matso har bakin rijiya. Leɓɓansa sun yi shuɗi.

Saveta

Sibiu, 30 ga Nuwamba

Yaya Saveta,

Ina gaisuwa. Ina ta tunanin ta ina zan fara neman mutum ukun da suka saya a garin nan, ashe babu wahala. Da ƙafarsu suka zo.

Ta farko wata malamar makaranta ce, ta ajiye safar hannun a kan tebur da bakin yatsu. Ta ce, "Baiwar Allah, karɓi kayanki."

Na ce, "Ɗinki ne ya saki? Kawo in gyara miki yanzu."

Ta ce, "Ɗinki lafiya lau. In na zura hannu ne sai in tarar da wani hannun a ciki."

Mai jaka ta ce duk lokacin da ta buɗe sai ta ga ɓarɓashin itace, ita kuwa a hawa na shida take zaune. Silifan kuwa, maƙwabcina mai gasa nama ne ya saya wa matarsa. Ya jefo mini su ta saman rumfa, ya ce, "Ke Veturia, takalmin ɗaki kika sayar mini ko na tafiya? Duk inda aka ajiye su sai a same su a bakin ƙofa, a jere."

Na farke komai, na haɗa da guntayen da ke kwando, na ɗinke. Ba ta yi kyau ba, amma riga ce. Toader ya ce ko a bakin bindiga ba zai sa ba. Ko ya yarda ma ba za ta shige shi ba, babu namijin da za ta shiga yanzu. Sai na yi addu'ar, na sa da kaina.

Da farko sanyinta kamar dutsen rafi. Yanzu ta yi ɗumi, har ya fi nawa, musamman a baya. Ɗazu ina miƙa wa wata kaya, hannun rigar ya riga ni.

Ki gaya mini in kin gan shi.

Ƙanwarki, Veturia

Poiana, 3 ga Disamba

Veturia,

Na gaishe ki, na gode. Ranar Lahadi na gan shi, rigarsa cikakkiya, fuskarsa ta dawo. Tun daga nan bai sake zuwa nan ba.

Na gaya wa Floarea ke kika sa da kanki. Ta daɗe tana kallon murhu. Ta ce kayan namiji ai namiji ake ba.

Ta ce kada ki cire kafin Asabar. Bayan Asabar kuma, ki gwada, in za ta ciru.

Allah ya tsare ki.
Yayarki, Saveta